Gashin Ciwon Daji: Amsa Ga Wata 'Yar Uwa Daga Kanya

 Ina gaishe ku a duk inda kuke saurare, musamman mutanen ƙasar Zuru, na Dabai da Ribah da Wasagu da Bena da Mahuta da Dirin Daji. Iyayenmu maza da ke raɓe a gefe kuna ji, ku ma barkanku, kada ku tashi, don zancen yau da ku a ciki.

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wasiƙa ce da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Kanya. Ba zan faɗi sunanta ba, don haka ta roƙa. Ta ce mahaifiyarta ta daɗe da daina al'ada, sai ga jini ya dawo mata, yau ya zo gobe ya ɗauke. Tsohuwa ta yi shiru da bakinta kusan shekara guda saboda kunya. Da abin ya yi yawa aka kai ta asibiti, daga nan aka tura su babban asibiti, aka ɗan gutsiri naman wurin aka auna, likita ya ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma maganinsa gashi. To nan fa gida ya rabu biyu. Wasu suka ce a tafi. Kawunta ya ce faufau, daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, balle wuta. Ita kuwa tsohuwar da ta ji an ce gashi, sai ta ce a bar ta ta mutu a ɗakinta, ita ba nama ba ce da za a ɗora a kan garwashi. Yarinya tana tambaya, mene ne gaskiyar wannan gashi?

'Yar uwa, na ji kukanki. Ni ba likita ba ce, 'yar jarida ce. Amma na zauna da likitocin wannan fanni na tambaye su, kuma na taɓa yin jinyar gwaggona da aka yi wa irin wannan gashi, har mako shida ina kwana a tabarma kusa da ita. Saboda haka abin da zan faɗa miki, wani na ji daga masana, wani kuwa idona ya gani.

Mu fara da sunan, don shi ne ya fi tsorata mutane. Da Bahaushe ya ji gashi, sai tsire da balangu su faɗo masa a rai. To wallahi babu wuta a ɗakin nan, babu garwashi, babu ƙarfe mai zafi. Wani irin haske ne wanda ido ba ya gani, ɗan uwan hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi idan mutum ya karye, sai dai wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ranar farko da aka shiga da gwaggona jikinta rawa yake yi. Bayan kamar minti goma sha biyar sai ga ta ta fito tana gyara ɗankwali, tana tambayata wai yaushe za a fara. Na ce Gwaggo ai an gama na yau. Ba ta ji komai ba, sai ƙarar inji.

To yaya haske ke kashe ciwo? Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana da ƙa'idar lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Ciwon daji, ko sankara, ko kansa, duk sunan da kika kira shi, wasu ƙwayoyi ne da suka ƙi bin ƙa'ida, suna ta hayayyafa ba tsayawa har su zama ƙari. Ke da kika san gonar dawa, kin san wuta-wuta, yadda take manne wa saiwa tana shanye abincin dawa har ta ƙanjame. Haka ciwon yake. Shi wannan haske yana lalata abin da ke cikin ƙwayar wanda da shi take hayayyafa. Lafiyayyar ƙwaya idan haske ya taɓa ta, tana iya gyara kanta kafin gobe. Ta ciwon kuwa ba ta iya gyara kanta sosai, sai ta mutu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yin gashin gaba ɗaya rana guda. Ana rarraba shi kaɗan-kaɗan, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon makonni, domin lafiyayyen nama ya riƙa samun hutu yana farfaɗowa, ciwon kuma yana ƙara raguwa.

Amma fa kada mu yi wa kawunki dariya, tsoron nan yana da asali. A shekarar 1895 ne wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske. A 1898 kuma wata mace, Marie Curie, ita da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a ƙasar Faransa. Ku ji fa, mace ce, kuma sau biyu tana samun lambar yabo ta Nobel, a 1903 da 1911. A wancan zamani ba a san haɗarin abin sosai ba. Ita kanta ciwon jini ne ya zama ajalinta a 1934, wanda ake dangantawa da daɗewar da ta yi tana aiki da waɗannan sinadarai ba kariya. Injunan farko kuma ba su da ƙarfin ratsa jiki, sai yawancin hasken ya tsaya a fata ya ƙona ta kafin ya kai ga ciwon. Kun ga ke nan da can akwai ƙuna. Amma wannan zance ne na kusan shekara ɗari da suka wuce.

A 1951 aka fara amfani da injin kobal a ƙasar Kanada, wanda haskensa ke ratsa fata ya isa can ciki. Matsalarsa ita ce sinadarin da ke cikinsa yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, sai an sauya. A 1953 kuma aka fara yi wa marasa lafiya gashi a Landan da wani inji da ake kira linak, wanda da lantarki yake haifar da nasa hasken, da an kashe shi shi ke nan babu sauran haske. Jikokin wannan inji ne ake aiki da su yau a manyan asibitoci.

Abin da ya canja komai shi ne shigowar kwamfuta da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki. Yanzu kafin a fara gashi, sai an sa mara lafiya a na'urar siti sikan, an ga ciwon ta kowace fuska, tsawonsa da faɗinsa da abin da ke maƙwabtaka da shi. Likita zai zauna ya zana iyakarsa, ya ce nan ne ciwo, nan mafitsara ce, nan hanji ne, a kiyaye su. Kwamfuta ta yi lissafi. A bakin injin akwai wasu siraran faranta na ƙarfe masu yawa da ke motsi, suna yanka hasken daidai da siffar ciwon, kamar yadda tela ke yanka yadi daidai da jikin mai shi. Injin yana zagaya mutum yana ƙara ƙarfi a nan, yana ragewa a can. Sababbin injuna har hoto suke ɗauka kullum kafin a fara, don a tabbatar ba a kauce ba. Mace mai ciwo a maman hagu, akan ce ta ja numfashi ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, domin zuciyarta ta matsa daga hanyar hasken.

Ga kuma wani ci gaba da ya shafe mu ƙwarai, mu da muke nesa da asibiti. Da, mace mai sankarar mama bayan an yi mata aiki sai ta yi zuwa 25, wato mako biyar. Aka zo aka rage zuwa 15, mako uku. A 2020 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Birtaniya a kan mata fiye da 4,000, wanda ya nuna cewa ga waɗanda aka gano nasu da wuri, zuwa 5 kacal cikin mako guda yana yin aikin da na mako uku ke yi. Ke da za ki bar yara da awaki a Kanya, ki kama ɗaki a garin da ba ki da kowa, kin san bambancin mako ɗaya da mako biyar. Sai dai likita ne zai ce wanne ya dace da ke, ba kowane ciwo ne ake yi wa gajeren ba.

Sai kuma abin da ake kira tiyata ba wuƙa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, shi ya kawo dabarar a 1951, kuma zuwa 1968 aka fara aiki da na'urarsa mai suna Gamma Knife. Sunan yana nufin wuƙa, amma babu yanka, babu jini, babu ɗinki. Siraran haske ne kusan 200 suke shigowa ta kusurwa daban-daban, su haɗu a wuri guda a cikin kai. Bari in ba ki misali da ranar kasuwa. Kowace 'yar hanya da ta fito daga ƙauye, mutum biyu ne ko uku a kanta, ko ciyawa ba sa tattakewa. Amma inda hanyoyin suka haɗu a tsakiyar kasuwa, ba masaka tsinke. To haka nan, kowane haske shi kaɗai ba shi da ƙarfin cutar da naman da ya ratsa, amma inda suka haɗu, nan ƙari yake shan kashi. Sau da yawa rana ɗaya ake yi, mutum ya koma gida. Daga baya wani likita a jami'ar Stanford ta Amurka, John Adler, ya ƙirƙiro CyberKnife, aka fara amfani da ita a 1994. Ita hannu gare ta irin na mutum-mutumi, tana bin motsin numfashi, don haka ana iya kai ta ga huhu da hanta da ƙashin baya, zuwa ɗaya zuwa biyar. A nahiyarmu, birnin Alƙahira na Masar ya samu Gamma Knife tun 2001, kuma sababbin injunan linak ma suna iya yin irin wannan aiki.

Amma ku saurara da kyau a nan. Wannan tiyata ba wuƙa, ƙaramin ƙari ake yi wa, wanda bai fi kamar girman goro ba. Duk wannan ci gaba da na lissafa, wanda ya zo da wuri shi ya fi morarsa. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu dawo kan mahaifiyarki. Ciwon bakin mahaifa yana cikin waɗanda gashi ke yi wa aiki sosai, ana warkewa sarai idan bai bazu ba. Yawanci kashi biyu ne. Akwai na waje, wanda za ta kwanta inji ya zagaya ta, kamar mako biyar, a haɗa da ƙarin ruwan magani sau ɗaya a mako don ya ƙara wa hasken kaifi. Sannan akwai na ciki, inda ake sa wani ɗan bututu ta gaba, a tura ɗan sinadarin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya tsaya daf da ciwon na 'yan mintoci, a janye shi. Ba a barin komai a jiki. Wannan na ciki yana da ɗan rashin daɗi, ana ba da maganin rage zafi, kuma kada a yarda a tsallake shi, don shi ne ke ƙarasa aikin. Likitoci suna son a kammala duka cikin mako takwas. Idan aka fara aka tsaya, aka ce an ji sauƙi bari a je gida a dawo bayan girbi, to ciwon yana samun damar sake tofowa. Na roƙe ku, idan an fara a ƙarasa.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Akwai gajiya. Fatar wurin takan yi duhu ko ta yi kaushi. Wanda aka yi wa a mara yakan yi gudawa ko zafin fitsari. Gwaggona ta rame, har ta ƙi tuwo sai kunu. Yawancin waɗannan suna wucewa bayan an gama da 'yan makonni. Gashin kai ba ya zuba sai idan a kai aka yi. Ga mace mai sauran haihuwa kuwa, gashin mara yana tsayar da al'ada da haihuwa, don haka a zauna da likita da maigida a yi maganar tun kafin a fara. Mai juna biyu ko mai zaton tana da shi, lallai ta faɗa. Kada a goge alamar da aka zana a jiki, kada a shafa man zafi ko garin magani a wurin, kada a yi ruwan zafi. Sannan ku cire tsoro, wadda aka yi wa gashi ba ta ɗauke da komai da zai shafi wani. Ku ci abinci kwano ɗaya da ita, ta goya jikanta. Ciwon ma kansa ba a ɗaukarsa ta cin abinci ko zama tare. Na ga matar da danginta suka ware mata kofi da tabarma, wannan ya fi ciwon ci mata rai.

Zancen daji ba ya son ƙarfe kuwa, ga inda ya samo asali. Mukan zauna a gida sai ciwo ya ci ya cinye, sannan a kwashi mutum a kai asibiti. Bayan kwana kaɗan ya cika, sai a ce ai allurar ce ta kashe shi. Ba allura ba ce, jinkiri ne. Kuma ko wanda nasa ya yi nisa, gashi yana tsayar da zubar jini, yana rage ciwon ƙashi, wani lokaci da zuwa ɗaya tak. Addu'a kuwa, Musulminmu da Kiristanmu, ba wanda ya ce a bari. A yi ta, a kuma tafi asibiti.

To ina ake yi? A Najeriya asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ne ya fara samun injin kobal a 1973, kuma a 2019 aka buɗe sabuwar cibiya mai injunan zamani a can. A nan Arewa akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A 2025 an buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun buɗe tasu ta farko a Yamai a 2021. Amma gaskiya injunan sun yi mana kaɗan. Ƙididdigar hukumar lafiya ta duniya ta 2022 ta nuna mutum fiye da 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, mata fiye da 32,000 na mama, fiye da 13,000 na bakin mahaifa, kuma masana sun ce kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi. Shi ya sa ake layi, inji kuma yakan lalace a jira gyara. Mutumin Kanya da zai bi ta Ribah da Zuru, ya ratsa Mahuta da Koko da Jega kafin ya ga Sakkwato, ga halin da hanyoyinmu suke ciki, bai kamata ya tashi da ka ba. Ku karɓi takardar turawa daga likitanku, ku nemi lambar wayar sashen, ku tabbatar inji yana aiki kuma an ba ku rana. Ku riƙe sakamakon awon nama da duk hotuna a jaka guda.

Kuɗi kuma ana kashewa, ba zan yi muku ƙarya ba. Mu sai da muka sayar da buhunan dawa da awaki. Amma ku tambaya. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza a 2021, kuma asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su. Ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ku yi bayani, babu abin kunya. A jiharmu ta Kebbi ma an san aikin gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu wajen wayar da kai da gwaji, wadda a 2024 ta zama 'yar Afirka ta farko da aka zaɓa domin shugabantar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Mu kuma a ƙauye muna da adashi, muna da gayya. Yadda ake taruwa a nome gonar mutum, a taru a kai uwarsa asibiti.

Kafin in rufe, rigakafi ya fi magani. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon bakin mahaifa, kyauta, allura ɗaya. Ki kai 'yarki. Ke kuma uwargida, jini bayan an daina al'ada, ko jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ko ƙululu a mama ko a hammata ko da ba ya zafi, kada ki kwana da shi wata guda kina jiran ya baje. Ba kowane ne daji ba, amma awo ne kaɗai zai raba gardama.

Ke kuma 'yar uwata ta Kanya, ga shawarata. Kada ki yi faɗa da kawu, babba ne, kuma son 'yar uwarsa ne ya sa shi tsoro. Ki roƙe shi ya raka ku, ya zauna gaban likita ya yi duk tambayar da ke ransa, a nuna masa ɗakin da idonsa. Ita kuma Inna ki gaya mata wata tsohuwa irinta ta shiga ɗakin nan sau 25 ta fito, yau shekara huɗu ke nan, bana ma da hannunta ta tsinke kuɓewarta. Rai na Allah ne, ban yi miki alkawarin komai ba, amma kada ku ƙara mako guda a gida.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take, ku aiko da wasiƙunku kamar yadda kuka saba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.